Tsaga a Daɓen Kawu

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Shekarata goma sha shida, ba ni da yawan magana, littattafan soyayya ne abokan hirata.

Watan jiya Abba ya sa aka yi mana daɓen kankare daga get har inda yake ajiye mota. Kawu, ƙanin Umma, shi ya yi aikin, don magini ne. Ya zuba masa launin jar ƙasa, ya danna masa zane kamar an jera duwatsu. Wallahi Anti, sai na ga gidanmu ya koma irin na cikin littafi, inda mota ke shigowa a hankali a buɗe wa yarinya ƙofa.

Kawu ya ce a riƙa ba daɓen ruwa safe da yamma har kwana bakwai, aka ɗora mini. Na yi kwana biyu. Sai ƙawata ta ara mini wani littafi mai kashi uku, na yi kwana uku ko tiyo ban taɓa ba, ga rana kamar wuta. Da Abba ya tambaya na ce na zuba.

Yanzu wata tsaga ta fito, siririya kamar gashi. Daga get ta taso, kullum tana matsowa ƙofar falo. Nakan ajiye tsinke inda ta tsaya, da safe in tarar ta wuce shi. Abba ya ce Kawu ya rage siminti, ya daina ɗaukar wayarsa. Umma ta daina cin abinci tare da mu. Ranar da Kawu ya zo, ya tsuguna ya shafa wurin, ya ɗago ya dube ni, ya tashi ya tafi. Kallon nan ya hana ni sakat. Abba ya ce ranar Asabar zai tara dangi a yi ta ta ƙare.

'Yarki mai fargaba

'Yata, laifinki biyu ne, sakaci da ƙarya, kuma ƙaryar ce ke cin gidanku. Amma kada ki ɗauki kayan duka a kanki. Rashin ruwa yakan sa fuskar daɓe ta faffashe sama-sama. Doguwar tsaga mai tafiya kuwa sau da yawa daga ƙasa take, idan ba a daddanne ta sosai ba kafin zubi. Wannan sai wani magini daban ya duba, kuma a toshe ta kafin ruwan sama ya shiga.

Abbanki yana da dalilin jin zafi, sai dai da rabin labari yake hukunci. Kawunki kuwa ina jin ya gane, yana rufa miki asiri ne da sunansa na sana'a.

Kada ki bari Asabar ta zo. Yau ki sami Umma a ɗaki ki faɗa mata komai, har da littafin, sannan ku je wurin Abba tare. Za ki sha faɗa, amma faɗa na wucewa. Maganar da aka furta gaban dangi ba ta gogewa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya mayar da Kawu cikin gidanku da fara'a.