Rufin Motar Baba

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Tunda a dajin da kuke kafa turakun lantarki waya ba ta shiga, na ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda.

Auta, hankalina a tashe yake. Ka san akori-kurar Baba da rufinta ya yi tsatsa? Ya kai wa mai walda ya yanke rufin ɗungurungum, ya kafa katako, ya ɗaura tamfol. Da ita yake zuwa gona kullum, kuma ka san gonar nan fili ce fetal, babu abin da ya fi shi tsawo. Makon jiya tsawa ta kashe shanun maƙwabcinsa a bakin iyakarsa. Na yi magana, ya ce mutumin da ya tsufa yana facin taya ba za a koya masa roba ba, wai muddin taya huɗu na ƙasa tsawa ba ta da hanya. Har ya yanko tsohuwar taya ya ƙara wa takalminsa kauri, yana tafiya kamar agwagwa.

Kai ne ke wasa da wuta. Gaskiya ne? Mama na gaishe ka.

Yayarka

Yaya,

Na samu takardarki, na kasa cin abinci. Ba gaskiya ba ne, ko kusa. Abin da ya keto sararin sama gaba ɗaya, ɗan kaurin taya ne zai tare shi? Jikin ƙarfen ne ke ceton mutum. In tsawa ta faɗa kan mota mai rufi, wutar takan bi ta bayan ƙarfen ta zagaye ta sauka ƙasa, na ciki ya tsira, in dai ya rufe gilashi bai kuma dafa ƙarfe ba. Baba ya yanke abin da ke kare shi, ya bar abin da yake ƙauna.

Ki gaya masa rigar da nake sawa in zan taɓa waya mai wuta ba roba ba ce. Da zaren ƙarfe aka saƙa ta, har hula da safar hannu da ta ƙafa, duk a haɗe, don wutar ta bi rigar ta bar ni. Don Allah a mayar da rufin nan. Kafin nan kada ya fita in akwai hadari.

Ki gaishe da Mama da maigidanki.

Ƙaninki

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta masa, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kowa ya san ƙarfe ke kiran tsawa, shi ne ɗana zai ce in shige cikinsa in rufe ƙofa? Karatu ya yi masa yawa." Rufin kuwa mai walda ya riga ya yi wa wani ƙofar shago da shi.

Na ɓoye makulli, ya haɗa wayoyi ya tayar da motar. Na sace iskar tayoyin, na manta ko da wa nake yi, kafin in gama shara ya cika su yana waƙa. Mama kuwa, da sama ta yi baƙi sai ta fito tsakar gida ta tsaya, kwano a hannu, ta manta abin da ta fito yi. Ni ma tsoro nake ji, Auta, tsoro sosai.

Dabara ɗaya ta rage. Na roƙi maigidana ya riƙa kai shi a motarsa ta ɗaukar kaya, mai rufi, da sunan hanyarsu ɗaya. Ka san Baba ba ya iya yi wa suruki musu. Ya yarda, amma ya ce ranar da ya ga dama zai hau tasa. Yanzu kullum da safe sai na leƙa in ga wacce ta fita.

Ka taya mu da addu'a.

Yayarka

Yaya,

Ko gaisuwa na kasa tsarawa. Direba ya zo ba takarda, ya ce ya ji a tasha tsawa ta faɗa wa wata mota a hanyar gonaki, da wani dattijo a ciki. Bai san wace mota ba, bai san ko an rayu ba. Na roƙi izinin tafiya, sai an samu wanda zai canje ni. Wacce ya hau ranar? Ko kalma ɗaya ce ki aiko.

Ƙaninki

Auta,

Ni ne, Babanka. Yayarka ke rubutawa, ina faɗa. Ina gaishe ka.

Motar surukina na hau. Da hadari ya rufe mu na ce ya buɗe in sauka in tsaya kan tayar safaya, yaron nan ya ce, "Baba, yi haƙuri," ya danna makullin ƙofofi. Ban gama faɗa ba duniya ta yi fari. Tayoyi biyu sun fashe, fentin rufin ya ƙone, kunnena na hagu har yau ƙara yake. Mu kuwa ko ƙwarzane. Da na fito na duba tayoyin, ba su facuwa.

Kada ka taso, lafiyata ƙalau. Amma na tambayi wani ma'aikacin lantarki, ya ce rigar nan taka ta wutar waya ce, ba a ɗinka ta don tsawa ba. Wannan ba ka rubuta ba. Ni a ƙasa nake, cikin mota, na ga abin da na gani. Kai kuma a saman turken ƙarfe kake wuni. Da ka ji iska ta canza, ka sauko ka shiga mota, ko waye ya ce ka ƙarasa aikin. Ba shawara nake ba ka ba.

Allah ya tsare min kai.

Babanka