Oga Shiru da Sunan 'Yar Fari

Titin Ibrahim Taiwo,
Fagge, Kano.
6 ga Yuli, 2015.

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da ban girma cikin sunan Ubangiji. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya. Yaya ƙafar taki da sanyin damina? Yaya ƙanwata Julie da maigidanta, da duk mutanen Wusasa? Mu nan lafiya lau. Surukarki Uchechi tana gaishe ki, jikanki Lucky ya iya tuƙa keke har ya kayar da randar maƙwabta, yarinyar ma tana nan ƙalau. Tunda kin ce waya tana sa miki ƙugi a kunne, na ba Malam Innocent direba wannan takarda ya kawo miki.

Inna, ɗanki ya yi suna a duniya, amma ba irin sunan da ake yi wa guɗa ba. Akwai wani abu da matan yanzu suka ɓullo da shi, ana ce masa bulog. Kin san allon sanarwar da ke ƙofar coci? To kamarsa ne, sai dai a cikin waya yake, na Legas da na Ingila duk suna iya karantawa, su kuma rubuta nasu a ƙasa. Iyaye mata ne suka cika shi. Zawon haƙori, yaye, ɗan da ya ƙi cin tuwo, 'yar da ta tura gyaɗa a hanci, duk hirar da kuke yi a wajen kitso a dā, yau ta koma can.

Shekara biyu ke nan Uchechi tana da nata, mai suna Goyon Sabon Gari. Na san da shi, amma ban taɓa leƙawa ba, na ɗauka girke-girke ne. Sai ranar Litinin abokina Boniface, mai sayar da kayan gyaran mota, ya zo shagona a buga masa katin biki. Yana ganina ya riƙe ciki yana dariya, wai ashe ni ne Oga Shiru. Matarsa Monica ce take karanta masa labarina kowace safiya da shayi.

Na kashe injin na zauna karatu. Oga Shiru ya ɗaura wa yaro nafkin a baibai. An aiki Oga Shiru 'Yankura sayen kifi, ya dawo da rediyo. Abin haushin, Inna, duk gaskiya ne! Na bi shafukan sauran matan, na ga ba ni kaɗai ba ne. Mu maza a wurinsu kamar kujerar falo muke, muna nan dai, ana kewaye mu, wani lokaci a yi tuntuɓe da mu.

Har nan dariya nake yi. Sai na iso kan rubutun makon jiya. Wai yarinyar ta tambayi uwarta ko Baba ya manta sunanta ne, don kullum sai dai ya ce "ke" ko "yarinya", alhali sunan Lucky yana fita bakinsa sau ɗari kafin rana ta take. Mata ɗari da arba'in da uku suka tofa albarkacin bakinsu a ƙasa. Wata ta ce mugu ne ni, wata ta ce don mace aka haifa mini, wata kuma ta ce a kai ni wurin fasto a yi mini addu'a.

To ni me na yi? 'Yar fari ce, kunyarta nake ji, kamar yadda na tarar ana yi a gidanmu. Ni ma ɗan farinki ne. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinki ba, ko a bayan ambulan "yayan Julie" kike rubutawa, kuma ga ni ban mutu ba. Gobe zan shiga shafin nan in wanke kaina, na riga na shirya dabara.

A gaishe mini da kowa da kowa.

Ɗanki,
Zakka

*

Kwaciri, Fagge.
15 ga Yuli, 2015.

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi, masarar bayan gida kuma ta yi kyau. Malam Innocent ya ce kin karɓi takardata, kin sa tabarau kin karanta sau biyu, kika ninke kika ajiye. To ga ci gaban labari, kuma ki yi dariyarki, kowa ma ya yi.

Dabarar tawa ita ce in shiga a matsayin mace, don na lura namiji ba ya shan ruwa a wurin nan. Na raɗa wa kaina suna Maman Sophia. Na rubuta cewa mu mata mu ji tsoron Allah, wannan bawan Allah Oga Shiru da gani mutumin kirki ne, mai haƙuri, ga iya zaɓen rediyo. Na aika, na miƙe ƙafa ina jin daɗi. Ban san cewa na'urar shago tana liƙa hoton mai ita a gefen duk abin da ya rubuta ba. Inna, sai ga Maman Sophia ta fito da gashin baki da hula zanna!

Kafin azahar Boniface ya kira ni sau huɗu, duk lokacin da na ɗauka sai dai in ji yana shaƙewa. Telolin layinmu yanzu Maman Sophia suke ce mini. Da na koma gida na tarar miya ta kama, don mai girkin tana zaune a ƙasan kicin tana share hawayen dariya.

Da dariyar ta lafa muka yi magana ta gaske. Na ce mata ban ji daɗin yadda ta kai zancen cikin gida kasuwa ba. Ta amsa cewa ta yi kuskure da ba ta fara tambayata ba, amma shekara tara tana faɗa mini a ɗaki, ni kuwa sai in ƙara muryar rediyo. Ta ce a wurinsu 'yar fari Ada ake ce mata, uba yana kiranta da alfahari a gaban kowa, ita haka ta tashi a Sabon Gari. Ta yi wa yarinyar bayanin al'adarmu ya fi sau goma, yarinyar takan ce to, sannan ta koma gefe tana kallona ina cilla Lucky sama.

Wata dattijuwa a shafin, Hajiya Yagana daga Rijiyar Lemo, ita kaɗai ta tsaya mini. Ta tsawata wa matan, ta ce kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, sau da yawa ma wanda ba a kiran sunansa shi ne ya fi zama a rai. Na ce madalla, Allah ya yi wa Hajiya albarka. Ashe ba ta gama ba. Ta ce amma a zamaninsu gida cike yake da kakanni da gwaggonni masu kiran yaron da yi masa wasa, su cike gurbin iyaye. Ta tambaye ni, a ɗaki biyu da falo na Kwaciri, wa yake cike nawa gurbin?

Daga nan na koma baya na karanta shafin Uchechi tun daga farkonsa. Ashe ba ba'a kaɗai take yi mini ba. Ta rubuta yadda nake ɗinke wa yarinyar takalmin makaranta da kaina, da yadda nake ware mata tsokar da ta fi kyau in ce wai ta yi mini tauri. Ni ban san ana gani ba. Ita yarinyar ce dai ba ta gani, kuma ita ce ya kamata ta gani.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne wannan. Da safe na sa hannu a aljihun rigata neman makullin shago, sai na ji takarda. Fallen littafin makaranta ne. Yarinyar ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, ta rarraba shi gaɓa-gaɓa yadda ake yi wa 'yan aji ɗaya, a ƙasa ta sa: "Baba, ba wuya." Inna, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da kowa ba sai da kaina. Kwana uku ke nan ta daina fitowa tarona in na dawo.

Ina neman shawararki. Ba na so in zubar da abin da kuka koya mana, ba na kuma so in rasa 'yata tana cikin gidana.

Ɗanki,
Zakka

*

Titin Ibrahim Taiwo,
Fagge, Kano.
27 ga Yuli, 2015.

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma tambayar lafiyarki da ta Julie da yaranta. Na jira amsarki fiye da mako guda, Malam Innocent yana zuwa hannu wofi. To na yi abin ba da izininki ba, ki gafarce ni.

Kada ki ɗauka da sauƙi ya zo. Kwana huɗu ina gwaji a shago. Sai in kunna babban injin, in ya ɗauki ƙara in faɗi sunan a hankali, in waiga ko wani ya ji. A gida kuwa sau biyu ina buɗe baki, sai in ji na ce a miƙo mini gishiri.

Ranar Alhamis na rufe shago da wuri na tafi makarantar yarinyar a Sabon Gari, abin da ban taɓa yi ba. An tashi, yara sun cika bakin ƙofa, ga masu adaidaita sahu suna ta ham. Na hango ta da jakarta tana jiran uwarta. Na cire hula na mayar, na yi gyaran murya, na ce Ifunanya.

Ga shi na rubuta miki shi ma. Ifunanya, jikarki.

Ba ta waigo ba. Na ƙara da ƙarfi, ta duba dama, ta duba hagu, idonta ya bi ta kaina ya wuce. Ta san muryata, ta san sunanta, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Wannan ya fi zagin mata ɗari da arba'in da uku yi mini ciwo. A karo na uku na kware baki har mai rake ya firgita, malamarsu Comfort ta dafa ta ta nuna mata ni. Ta taho a guje, tambayarta ta farko wai ko wani ne ya rasu. Na ce babu wanda ya rasu, na dai karanta takardarta ne. Sai ta ce ban faɗa daidai ba, in sake. Ƙarya take yi, Inna, daidai na faɗa! Daga Sabon Gari zuwa Kwaciri sau goma sha ɗaya ta sa na sake, mai adaidaita ma ya haddace.

Yanzu an wuce gona da iri. In na ce "ke", sai ta yi kamar kurma. Uchechi kuma ta ba ni fili a shafinta na rubuta labarin da sunana na gaskiya da gashin bakina. Maza bakwai suka fito daga maɓoya suka yi magana, har da Boniface, wanda ya amsa cewa bai san ajin da 'yarsa take ba. Na daina raina hirar matan nan. Surutu ne, amma a cikinsa na ji abin da ake faɗa a gidana ban ji ba.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai nauyin. Na ce miki ban taɓa jin sunana a bakinki ba kuma ban mutu ba. Gaskiya ne. Amma ina ɗan shekara takwas na taɓa ɓuya a bayan rumbu tun hantsi har la'asar, da gangan, don in ji ko za ki kira ni. Sai kika aiki Julie ta nemo yayanta. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ba ƙorafi nake yi ba, na san irin son da kike yi mini, na dai ga ashe jikarki gado ta yi.

Ifunanya ta ce in gaishe ki, kuma in rubuta cewa ita ce ta ce.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Zakka

*

Wusasa, Zariya.
2 ga Agusta, 2015.

Zuwa ga yayan Julie,

Na gaishe ku duka. Ƙafa da sauƙi, masara ta fara bunƙasa. Takardunka uku suna cikin Littafi Mai Tsarki na ajiye.

Maman Sophia, sannu da aiki. Julie ta nuna mini hoton a wayarta, na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ubanka ma haka yake, bai taɓa yin dabara ta tafi daidai ba.

Ban amsa da wuri ba don ban san me zan ce ba. Abin da ka yi wa jikata ka yi daidai. Hajiyar nan ta Rijiyar Lemo ta faɗi gaskiya, ka ce ina gaishe ta.

Zancen rumbu kuwa, ina sane. Ina ganin ƙafafunka ta ƙasa tun hantsi. Sau uku na zo bakin rumbun da kwanon abincinka, kakarka tana zaune a tsakar gida tana kallona, na koma. Na ɗauka ka manta. Ni ban manta ba.

Kullum da safe ina faɗin sunanka a addu'a, Allah ya saba jin sa, kai ne ba ka ji ba.

Zakka.

Ga shi nan. Biro ya huda takardar, ka yi haƙuri da shi haka. Ku zo bikin godiyar kaka da yaran duka, ka ji da kunnenka. Amma ka tsaya kusa, don sau ɗaya zan faɗa, kuma ka gaya wa surukata kada in ji ni a allon nan nata.

Innarka,
Saratu