Ni Ma Ina Son In Ga Fitowar Rana

Zuwa ga Manang Epifania, babbar yayarmu mai ba da shawara,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin hutun rani ya iso, domin abin da ke cina ba zan iya kai shi gaban dattawan ikkilisiyarmu ba, kunya ba za ta bar ni ba. Idan zancen ya yi tsawo ki yi haƙuri, haka bakina yake, sai na bi ta gona kafin in iso gida.

Ni manomiyar kabeji ce a wani ƙauye na yankin Benguet mai tsaunuka. Na haura hamsin, mijina ya rasu, 'ya'yana sun kama gabansu. Tun ina da jini a jika nake cikin hidimar da ikkilisiyarmu take yi wa yara da matasa. Kowane hutun rani mukan kwashe su mu kai su daji, a kafa tanti, a koya musu ɗaurin igiya da ƙetare rafi da hura wuta da jiƙaƙƙen itace, da yamma a yi waƙa da nazarin Maganar Allah. Ranar ƙarshe ake hawan babban dutse. Ana tashi kafin asuba don a isa ƙoli rana ba ta fito ba, a tsaya a saman gajimare a yi sujada tana ɓullowa. Tare ake addu'a, tare ake ɗaga ƙafa, ba a raba ayari. Wannan al'ada wani dattijonmu, Manong Crispin, shi ke tsaronta tun kafuwar hidimar. Yaran garinmu kuwa tun suna makarantar Lahadi suke mafarkin wannan safiya.

To, Manang, ni ban taɓa ganin safiyar nan ba.

Ni ce mai bin baya. Dokarmu ita ce babu yaron da zai kasance a bayana, ko igiyar takalmi ya tsaya ɗaurewa sai na jira shi. Shekarar farko na karɓi aikin don babu wanda ya ɗaga hannu, shi ke nan ya zama rigata. Duk mai haki nawa ne, duk mai kukan uwarsa nawa ne. Haka wanda aka cika wa jaka da kifin gwangwani kamar ba zai dawo ba, da wadda matsattsaku ya kama ta ta ce ita kam mutuwa za ta yi. Akwai wata bukkar masu gadin daji ƙasa da ƙoli kaɗan, a nan rana take riskata kusan kowace shekara, ina murza wa wani ƙafa ko ina riƙe wa wata goshi tana amai. Ina jin waƙarsu tana saukowa daga sama, iska ta kawo rabi ta tafi da rabi. Idan mun lallaɓa mun isa, sai mu tarar an shanye kofi, gajimaren ya watse, Fasto Delfin yana cewa a tattara shara a sauka.

Na san ƙeyar kowane yaro a garin nan. Akwai wanda yanzu ɗan sanda ne, rannan ya gaishe ni a kasuwa ban gane shi ba sai da ya juya zai tafi.

Ban taɓa gunaguni ba, ko in ce ban taɓa yi a fili ba. Ranar Lahadin da ake ba da shaida, yara su tashi ɗaya bayan ɗaya suna cewa a kan dutse suka gane girman Mahalicci, ni ina kujerar baya ina tafi da kumburarriyar gwiwa. Ni ma Manang suke ce mini, wato babbar yaya. Fasto yakan ce, "Ku tafa wa Manang ɗinmu, birkin motar Ubangiji!" A yi dariya, ni ma in yi. Ba wanda ya taɓa tunanin birki ma yana cinyewa.

Bana likita ya duba gwiwoyina, ya ce idan na nace in hau sau ɗaya in yi sallama da dutse. Da na gaya wa kwamiti, Fasto Delfin ya ce lallai bana ni ce a gaba kusa da ɗan jagora, a ba wani baya. Na koma gida ina murna kamar yarinya, har sabuwar rigar sanyi 'yata Marivic ta aiko mini daga birnin Baguio. Sai dai da aka tambayi masu taimaka mana wa zai karɓi baya, kowa ya shiga duban farcensa. Da ƙyar Jomar, wani malamin firamare, ya yarda, shi ma da sharaɗi: a tace yaran, duk wanda ba zai iya saurin ayari ba ya zauna a sansani. "Ni ba ni da haƙurin Manang," in ji shi. "Yaro ya zauna mini a hanya, ko in saɓa shi kamar buhun karas, ko in zauna mu yi kukan tare."

A nan Lovelyn ta shigo maganar. 'Yar maƙwabciyata Dionisia ce, bana ta kai shekarun hawa. An haife ta da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, tana ɗingishi, amma kafiyarta ta fi ta kowa a unguwa. Tun bara take hawa da sauka a matakalar gonakin ubanta da kwando a baya, wai tana shirin dutse. Uwarta ta lallashe ta ko za ta haƙura, a gabana ta amsa mata, "Mama, me kike tsoro? Ai Anti tana baya. Anti ba ta taɓa barin kowa ba." Ba ta san an canja tsari ba, har yau ba ta sani ba.

Kwamiti ya zauna, aka yi ta jan magana, ƙarshe suka ce wai sun bar mini zaɓi don girmamawa. Idan na koma baya, Lovelyn ta hau. Idan na tsaya a gaba, Lovelyn ta zauna a sansani ta taya mai girki fere dankali.

Ga abin kunyar, Manang. Ina son gaba. Ina so har cikin ƙashina. Na gaji da zama mutuniyar kirki da kowa ke jingina kayansa a jikinta, na gaji da kallon dunduniya. Idan na durƙusa zan yi wa Lovelyn addu'a, sai in ji zuciyata tana roƙon Allah ya sa mura ta kama ta a makon tafiya, mura kawai, 'yar mai sauƙi, don abin ya warware ba da hannuna ba. Mace mai koya wa yara tsoron Allah! Yanzu ta bayan gonar wake nake zagayawa zuwa tasha don kada in bi ta ƙofar Dionisia. Marivic ta ce mini a waya, "Mama, ke kaɗai aka yi wa baftisma a garin nan? Ki hau abinki." Maganarta ta yi mini daɗi, amma ba ta sauke mini nauyin ba.

Kada ki jero mini ayoyi, na san su, ni nake sa yara haddace su. Ki gaya mini kawai, idan na zaɓi kaina sau ɗaya tak, na ci amanar yarinyar nan? Idan kuma na koma baya, yaya zan yi da zuciyata? Ina tsoron in riƙe hannunta ina jin haushinta, yara kuwa suna ganewa.

Taki cikin gajiya,
Wutsiyar Ayari

*

Ading, wato ƙanwata, Wutsiyar Ayari,

Sannu da ɗawainiya. Kin hana ni ayoyi, na ji, na mai da su jaka.

Fara ajiye kunyar nan. Shekara da shekaru kina tura 'ya'yan mutane su ga abin da ke ba ki gani ba, don yau kin ce ke ma kina so, ba ki yi saɓo ba. Roƙon mura kuwa ki daina shi, amma kada ki rataya shi a wuya. Gajiya ce ta yi magana, Wanda kike roƙo kuma ya san muryar gajiya.

Sai dai Lovelyn ma tana da tata gaskiyar. Shekara guda tana ɗaukar kwando saboda ta amince da dokarku, cewa ba a barin kowa. Wannan doka ita ce wa'azin da ya fi shiga yaran nan, ya fi duk abin da ake faɗa a ƙoli. Ranar da kuka tace su kuka bar mai ɗingishi da wuƙar fere dankali, sauran za su koyi wani darasi dabam, kuma ba za su manta da shi ba.

Kwamitinku bai girmama ki ba, garwashi ya ɗora miki a tafin hannu ya koma gefe. Amma ke ma da naki. Kin riƙe baya ke kaɗai ba ki koya wa kowa ba, ana ce miki birki kina dariya, har suka ɗauka haƙuri wata halitta ce da aka yi ki da ita. A ce bana kin danne zuciya kin koma baya, baɗi fa? Baɗi gwiwarki ta ajiye aiki, wata Lovelyn kuma za ta taso.

Ga abin da nake gani. Bukkar masu gadin dajin nan ta daɗe tana cin safiyarki, bana ta biya ki. Ku nemi izinin kwana a cikinta. Ke da Lovelyn da ɗaya daga cikin iyayenta da jagora wanda ya san hanya, ku tashi da hantsin jajibirin hawa, ku tafi da saurinta. Da saurinki ma, don kada ki ruɗi kanki, da waɗannan gwiwoyin bana ke ma cikin masu jan ƙafa kike, ba za ki iya gaban ayari ba ko an ba ki. Ku huta a can, da asuba ku ƙarasa ɗan abin da ya rage. Manong Crispin zai ce ba a raba ayari. Ki gaya masa cikin ladabi cewa ayarin a rabe yake kowace shekara, daga sama ne ba a gani. A yi addu'ar tare kafin ku tashi, ba madara ba ce da za ta yi tsami kafin gobe.

Baya kuwa Jomar ya riƙe ba sharaɗi, Fasto Delfin ya raka shi, gwiwoyinsa ƙalau suke. Kafin tafiya ki zaunar da su biyun ki koya musu yadda ake tayar da yaron da ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba.

Likita ya duba Lovelyn tukuna. Idan ya hana, ko kwamiti ya kafe, ki mai da musu garwashinsu, su yanke hukuncin da bakinsu, ke kuma ki hau abinki, ba ki ci amanar kowa ba. Amma ko yaya ta kasance, yarinyar nan kada ta ji labari a bakin wani. Ki bar zagayen gonar wake, gobe ki shiga gidan Dionisia ta ƙofa, ki gaya musu har da maganar gwiwarki. Ina zaton Lovelyn za ta ce ita za ta jira ki a hanya.

Abu ɗaya ki shirya wa zuciyarki, dutse ba ya yi wa kowa alkawari. Ƙafar Lovelyn tana iya ƙarewa a bukka, ku tsaya nan. Kuna iya isa ƙoli hazo ya rufe gabas ruf. Idan haka ta faru, ki juya ki dubi hanyar da kuka biyo. Za ki ga fitilun ayari suna hawowa ɗaya bayan ɗaya, suna haki suna waƙa, kuma wannan karon fuskokinsu za ki gani.

Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya kai ku lafiya, ya sauko da ku lafiya.

Taki,
Manang Epifania