Gwangwanayen Ƙusar Baba

Ikara,
4 ga Maris, 1985.

Zuwa ga Baba Ja'afaru kafinta, Makarfi.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Inna Kulu da yara. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka, alhali na san shekara biyu ke nan kai da mahaifina ba ku magana. Ni ce Bernice, 'yar Nehemiya, wadda kake ba guntayen katako lokacin da kuke rumfa ɗaya. Yanzu ina aji huɗu a sakandare.

An rushe rumfunan bakin titi, har da ta Baba. Da sojoji aka zo. Muka kwaso kaya zuwa zauren gida, Baba ya yi mako guda yana ajiye su nan da can, shi kaɗai. Ni a idona hargitsi ne. Ranar da ya tafi Zariya neman katako, sai na ce bari in gyara masa ya dawo ya yi murna. Na jera zartuna daga babba zuwa ƙarami. Na zubar da tsofaffin gwangwanayen ƙusa, na samo na madara takwas iri ɗaya, na manna wa kowanne takarda da rubutuna mafi kyau.

Da ya dawo ya tsaya a ƙofa ya ce, "Sannu da aiki, malama." Washegari ya miƙa hannu ɗaukar fensir, ya damƙi bakin cizal, ƙarfen sassaƙa. Ɗinki huɗu aka yi masa. Ina ɗaure masa hannun na ce, "Baba, ai na rubuta komai." Ya ce, "To karanta mini." A nan na gane idonsa ya tafi, kuma da hannu yake gane wurin komai.

Hannun ya warke, amma bai sake shiga zauren ba. Na roƙe shi ya nuna mini yadda kayan suke da, ya ce a bar su, haka ya fi kyau. Cocin Gubuchi sun ba shi aikin benci goma kafin Ista, yanzu suna maganar kai aikin Kudan. Ni zaman da yake yi a gindin darbejiya, hannu a cinya, shi ya fi damuna. Kai kaɗai ka san yadda yake ajiye kayansa. Don Allah ka taimake ni.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Bernice.

Makarfi,
9 ga Maris.

Bernice 'yata,

Na amsa gaisuwa, Kulu ma tana gaishe ki. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, ki bi shi a hankali.

Idon nan ne ya raba mu. Na ce mu je asibiti, ya ce in je in buɗe tawa rumfar tunda na fi shi gani. Na yi zuciya na tafi. Da na haƙura na zauna, da wannan nauyi bai hau kanki ba.

Ki sa tebur inda hasken ƙofa zai faɗo masa ta hagu. Hama da fensir a dama, taƙi ɗaya daga bakin tebur. Cizal a bango, baki ƙasa. Zarton da ya fi dauɗa a mariƙi shi ne na kusa, ko da shi ne ƙarami. Sukwaya ta auna kusurwa a ƙusa ta farko. Gwangwani kuwa kada biyu su yi kama: na tumatir, na kifi, na madara, na man shafawa. Ki cire takardunki, da yatsa yake karatu.

Kada ki ce daga wurina ne. Kin san ubanki.

Allah ya yi miki albarka.
Ja'afaru.

Ikara,
2 ga Afrilu.

Baba Ja'afaru,

Ina gaisuwa da godiya. Na bi takardarka layi-layi. Gwangwanayen sai da na bi gida-gida kafin na haɗa su.

Kwana uku bai leƙa ba. A na huɗu ya shiga, ya shafa tebur, ya ɗauki hama, ya mayar. Ya laluba bango, hannunsa ya tsaya. Sai ya ce, "Malama, ki faɗa wa wanda ya ba ki satar amsa ya faɗi ɗaya. Tun bara na mayar da sukwaya ƙarƙashin tebur." Ya ce, "Har yanzu yana fama da tarin nan nasa?" Na ce ban sani ba.

Bencin sun tafi Kudan, mun makara. Amma jiya ya gama kujerar tsugunno ɗaya. Kwana biyar ta ɗauke shi, aikin da a da yake yi kafin rana ta take. Ƙafa ɗaya ta ɗan gaza, ban faɗa masa ba, ina tsammani ya sani.

Ya sake tambayar tarin naka yau da safe. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ko za ka yarda in sake rubuto maka?

Ka huta lafiya.
'Yarka, Bernice.