Giwan Ruwan da Na Yanke wa Igiya

Gummi, daren Laraba, ƙarshen daminar 2018

Da ƙyar nake riƙe biro, igiya ta saɓule mini tafin hannu.

Tun tasowata nake su a gulbin nan, ban taɓa gamuwa da giwan ruwa irin na yau ba. Da hantsi ya haɗiye koton da na sa a ƙugiya. Na naɗe igiya a goshin kwale-kwale yadda Baba ya koya mini: babban kifi ba a kokawa da shi, bari ake yi ya ja ka har ya gaji. To, ya ja ni. Sai dai gabas ya nufa, wajen tsamiyar da Sarkin Ruwa ya hana mu wucewa tun da 'yan bindiga suka ɗauke abokina Sani a can.

Sau ɗaya na ga bayansa, wallahi ya kai tsawona. Ya ma fara gajiya. Da na samu rabin awa, da nawa ne. Ga tsamiya tana matsowa, ga ƙarar babura cikin daji. Na zaro wuƙa na yanke.

Da na koma gida, Inna ta ce, "Ka yi daidai, Bello. Gulbi cike yake da kifi, ni ko kai ɗaya gare ni."

Na sani. Amma gona ta gagara, hanyar kasuwar Bukkuyum ta gagara, yanzu har ruwan an yi mana iyaka. Shi ya tafi inda ya ga dama da ƙugiyata a baki. Ni mai wuƙar, ni ne a ɗaure.