Bindigar Waje da Aka Ƙera a Gida

Linha Bonita,
Rio Grande do Sul,
16 ga Yuni, 2008.

Zuwa ga ƙanena Dirceu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Marlene da 'yan matanku biyu. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a wannan ƙasa mai nisa, Ya sa wa guminka albarka. Mu nan duk muna lafiya, sai sanyin Yuni da ka sani, wanda ya hana Mama yin nisa da murhu. Ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci ba tare da an riƙe ta ba. Maigidana Nelson yana nan da surutunsa, ni kuma ina kan keken ɗinkin takalma, bayana yana ƙorafi amma bai kai ni ga ajiye aiki ba. Na gwammace in rubuto maka da in kira, domin wayar gidan nan a falo take, kuma Baba, wanda sai an kira shi cin abinci sau uku kafin ya ji, ba abin da ke wuce kunnensa in kai ne a layi.

Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a, muka ajiye ta sai Lahadi bayan an ci gasasshen nama, ana zagayawa da ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu. Ni na karanta wa kowa. Mun yi dariyar labarin aladen dajin da suka addabi gonar ubangidanka a Texas, sai na iso inda ka ce kana so ka mallaki bindiga taka ta kanka. Ka ce a shago an nuna maka biyu, ɗaya ta gida, wato ƙirar can, mai tsada, ɗaya ta waje da kuɗinta bai kai rabin na waccan ba. Ka ce abokan aikinka sun gaya maka ta wajen aikin gaggawa ce, na mutanen da ake biya da kwabbai, waɗanda ba ruwansu da kyan aiki, don haka za ka daure ka tara ka sayi ta gida. Sannan ka haɗo da shafin da ka yago daga littafin shagon, mai hoton duka biyun, wai Baba ya duba maka, tunda ya shekara talatin da huɗu yana gyaran ƙotar bindiga a masana'anta.

Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallon hoton. Da ƙoƙon ya zo kansa sai ya miƙa wa Mama bai sha ba, kuma ka san ba ya yin haka ko yana zazzaɓi. Ya ce in maimaita masa, wacce ce ka kira ta gida. Na maimaita. Sai ya ɗora yatsa a kan mai arhar ya ce wannan daga teburinsa ta fita. Sunan da ke jikinta na ɗan kasuwar can ne da ke yin oda, sunan ƙasarmu kuwa yana ƙarƙashin bututun, da ƙananan baƙaƙe da sai ka juya ta za ka gani.

Nelson, ka san halinsa, ya fashe da dariya, wai ashe duk shekarun nan a ƙasar waje muke zaune ba mu sani ba, gobe sai ya nemi fasfo kafin ya shiga kicin. Mama ta ce kada wanda ya taɓa mata ɗa, yaron da ya shekara tara yana cin abincin gwangwani ai dole kansa ya juya. Ni kuwa ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na fara zazzaga maka faɗa kamar kana zaune a gabana, har Baba ya ce in zauna haka nan, bakina ya fi kekena gudu.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan takarda. Na zaci zai kushe waccan don ya ɗaga tasa, amma sai ya shiga yabonta. Ya ce katakonta ya fi nasu daraja, an goge ta da kyau, wanda ya yi ta ya san aikinsa. Ya ce shi ma wancan mutumin yana da bakunan da yake ciyarwa, in maƙwabtansa sun fi son su saya daga hannunsa ba laifi suka yi ba. Game da tasa kuwa, ya ce arhar ba daga sakacin hannu ta fito ba. Daga albashinsu ne, da katako na talaka, da fenti shafa ɗaya maimakon uku, amma ba ta shiga inda harsashi ke bi ba. Ya ce in har leburan gona a can zai iya sayen abin da zai kare masararsa ba tare da ya sayar da motarsa ba, shi bai ga abin kunya a nan ba. Duk wannan daga bakin mutumin da bai taɓa mallakar ko ɗaya ba, domin a nan, da haraji da takardu, ta fi tsada a ƙofar masana'antar da ta ƙera ta fiye da a shagonku. Wallahi na kalle shi na ji kunyar fushina, ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Saƙonsa gare ka gajere ne. Ya ce ka sayi wadda hankalinka ya kwanta da ita, kuma ya hana ni gaya maka aikin waye. Ya ce ba ya son ɗansa ya sayi bindiga don tausayi. Ga shi na saɓa masa, kuma ba na nadama. A watan Satumba za a rufe sashen katako, domin ɗan kasuwar ya ce ƙotar roba yake so yanzu, farashi ya ƙara sauka. Baba zai ajiye aiki ke nan. Bai yi ƙorafi ba, har cewa ya yi roba ba ta kumbura a ruwan sama, ita ma tana da ranarta. Amma tun Lahadin nan bai je wasan kati wurin abokansa ba, shafin nan kuma yana ninke a aljihun kwat ɗinsa, na gan shi yana ciro shi in ya zaci ba mai kallo. Ba na so ya bar teburin nan yana ganin ɗansa ya ɗauki aikin rayuwarsa a matsayin shara.

Ga roƙona. Ka koma shagon ka ce a ba ka mai arhar ka riƙe. Inji ne ke yanka ƙotar, amma Baba ne ke ƙarasa ta, kuma yana da wata al'ada da shugabannin sashe suka gaji da yi masa faɗa a kanta, wai yana ɓata lokaci. Kowace ɗaya sai ya ɗora ta a kuncinsa, ya rufe ido, ya buɗe. In idonsa bai faɗa daidai kan saiti ba, sai ya koma mata da magagari, ko da kuwa ana jiransa da kwali a buɗe. Da fuskarsa yake auna su duka. Kai kuwa duk dangi sun san dogon wuyansa da muƙamuƙinsa ka kwaso, har Mama kan ce ba ka bar mana komai ba. Ka ɗora ta a kuncinka, ka rufe ido, ka buɗe. Ba na ce ka saya ba, kuɗinka ne, guminka ne. Ka dai kira ranar Lahadi da rana ka gaya masa abin da idonka ya gani. In ya tambayi yadda aka yi ka sani, ka ce ni ce, zan iya da shi.

Ka gaida Marlene da kyau, ka ce mata na gode da zanen gadon. Ka shafa min kan Luana da Tainá, ka riƙa yi musu magana da harshenmu don su iya gaida kakarsu. Mama tana gaishe ku tana sa muku albarka, Gwaggo Iracema ma ta ce kada in manta da ita. Nelson ya ce a gaida mutumin gida daga 'yan ƙasar waje. Baba bai ce in gaishe ka ba. Ya dai tambaye ni sau biyu ko na rubuta adireshin daidai, kuma ya ce shi zai kai takardar gidan waya da kansa.

Taka yayarka,
Ivonete