Saiwar Genzo a Firji

Talata, 14 ga Maris

Na dasa saiwar furen hoppu a bayan gidan Natsumi. Saiwar nan kaɗai ta rage daga gonar mijina Genzo a Tono, can arewacin Japan; mutumin da ya karɓi gonar bayan rasuwarsa ya tone sauran. Shekara arba'in muna noman furen nan da ke sa wa giya ɗaci, ban taɓa zaton zan ɗauko saiwa a jakar hannu zuwa tsibirin Okinawa, can kudu, ba.

Natsumi ta ce, "Mama, zafin nan zai kashe ta." 'Yata ce, amma bakinta na ubanta ne. Na ce in ta mutu, ni ma arewa zan koma.

Alhamis, 29 ga Yuni

Jikin bangon kudu na dasa saiwar, inda rana ta fi, kamar yadda muke yi a gida. Kash! Ganyen ya ƙone kamar an soya. Tsoho Gushiken, maƙwabcinmu, ya leƙo ta katanga. "Mutuniyar ƙanƙara, a nan guje wa rana ake yi, ba nemanta ba." Wa ya tambaye shi? Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Lahadi, 6 ga Agusta

Ko fure ɗaya. Na yi kuka a banɗaki don kada Natsumi ta ji.

Litinin, 11 ga Disamba

Saiwar ta ƙi barci. A Tono yanzu ƙanƙara ta binne gonaki, saiwa ta kwanta ta huta wata uku, sannan ta tashi da ƙarfi. Nan kuwa har yau tsiro take fitarwa, sirara, marasa jini. In ba ta huta ba, za ta ƙare. Ban taɓa lissafa sanyi cikin aikin gona ba, da kansa yake zuwa.

Talata, 12 ga Disamba

Na tono ta, na naɗe cikin jarida mai danshi, na sa a firji kusa da kabeji. Natsumi ta buɗe ta yi tsaye. "Mama, wannan kuma mene ne?" Na ce babanki ne, kada ki dame shi. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Heisuke, ƙanen Genzo, ya bugo waya. Wai in kawo saiwar ya ba ta wuri a gonarsa a can arewa, ni kuma ga ɗaki. "Yaya, ku biyun ba 'yan zafi ba ne." Na ajiye wayar, na buɗe firji. Na duba saiwar, gefe ɗaya ya fara ruɓa, na yanke. Idon tsiro huɗu suka rage.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Na raba ta biyu da wuƙar Genzo. Ido biyu na aika wa Heisuke a kwali, aƙalla ba za ta ɓace daga duniya ba.

Sauran biyun suna gefen gabas, ƙarƙashin rumfar garahunin Gushiken. Shi ya bayar da wurin, ya haƙa ramin ma, yana mita wai ƙasar arewa ta lalata ni. Ya tambaya ko zan bi kwalin. Na ce ya riƙe min tsani dai.

Ban ce na zauna ba. Igiyar da tsiron zai hau kawai na ɗaura, doguwa, wadda za ta kai har baɗi.